An ba ni mako biyu in ce a sayi na'urar ko kada a saya

Wasiƙar wannan mako daga wata ma'aikaciyar jinya take, wadda ta daɗe tana aiki a asibiti kafin a mayar da ita sashen tsare-tsare da bincike na ma'aikatar lafiya. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Wata uku ke nan da kawo ni wannan ofis. Darakta ya miƙo mini fayil ɗin wani kamfani da ke son a sayi na'urorinsa na tantance jama'a don gano wani nau'in ciwon daji da wuri. A ciki akwai takardar bincike guda ɗaya da ta ce waɗanda na'urar ta gano ciwonsu sun fi daɗewa a raye, kuma haɗarin mutuwa ya ragu da kusan rabi. An ba ni mako biyu in rubuto shawara. Na karanta takardar har na gaji, lissafin ya fi ƙarfina. Kuma yadda Darakta ke magana, kamar an riga an gama yanke shawara a sama. In na ce a'a, za a ce ina kawo cikas; in na ce e, ina tsoron ɗaukar alhakin jama'a. In nemi a mayar da ni asibiti ne, ko in tafi ƙaro karatu tukuna? Wace ƙwarewa ce aikin nan ke buƙata wadda ba ni da ita?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki zauna a kujerarki. Tsoron alhakin nan da kika ambata shi ake so mai wannan aiki ya kasance da shi, sauran kuwa duk abin koyo ne, kuma abin da fayil ɗin nan yake buƙata bai fi ƙarfin mako biyun da aka ba ki ba. Babu wanda ya ce ki sake lissafin masu bincike. Abin da ake nema a wurinki shi ne ki iya gaya wa wanda zai sa hannu cewa cikin mutum dubu ga adadin da za su amfana, ga adadin da za su cutu, ga kuɗin da abin zai ci, ga kuma iya ƙarfin tabbacin da ake da shi a kan waɗannan alƙaluma.

Ki fara da tambayar kanta, domin wadda ke kan fayil, wato "a saya ko kada a saya", babu binciken da zai amsa ta. Ki raba ta gida huɗu. Su wa za a gwada, maza ko mata, daga shekara nawa zuwa nawa, masu alamun ciwo ko lafiyayyu? Me za a yi musu, kuma sau ɗaya ne ko duk shekara? Da me za a kwatanta? Wane sakamako ake nema? Na ukun ne aka fi mantawa da shi. Idan ba a sayi na'urar ba, ai ba naɗe hannu za a yi ba. Ko a ci gaba da yadda ake yi yanzu, ko a sa kuɗin wajen hanzarta binciken waɗanda suka riga suka zo asibiti da alamu. Na huɗun kuma ki rubuta shi ƙarara: raguwar mutuwa daga wannan ciwo, da cutarwar da gwajin kansa zai jawo. Idan kin haɗa tambayar cikin jimla ɗaya, ki kai wa Darakta tun kwana na biyu ki ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce tambayar da ake so in amsa?" Wanda ya amince da tambaya da bakinsa, da wuya ya ƙi sauraron amsa.

Daga nan ki ajiye takardar kamfanin a gefe tukuna. Mai sayarwa ne ya zaɓo ta, kuma babu mai sa takardar da ta kushe hajarsa a cikin fayil. Ana iya yin bincike goma a kan gwaji ɗaya, uku su yi kyau bakwai su fito ba komai, kuma sanannen abu ne cewa binciken da bai nuna amfani ba shi ya fi maƙalewa a aljihun tebur ba a buga shi ba. Abin da za ki nema shi ne bita mai tsari, wato aikin da masana suka tattaro duk binciken da aka yi a kan tambaya guda bisa ƙa'idar da suka rubuta tun kafin su fara, suka auna ingancin kowanne, sannan suka haɗa sakamakon. Wannan shi ne aikin ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, kuma kowace bita tata tana da taƙaitaccen bayani cikin sassauƙan harshe da ake karantawa kyauta. PubMed, rumbun takardun binciken likitanci a intanet, shi ma kyauta ne, kuma a gefen shafinsa akwai inda za ki latsa ya tace miki irin wannan bita kaɗai. Akwai kuma Epistemonikos, wani rumbun intanet da ke tara irin wannan bita. Sai ki duba ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan tantance wannan ciwo. Tun 2007 tana da kwamitin da ke bin diddigin yadda ake haɗa kowace jagora da hujjar bincike. Idan takarda ta ce sai an biya, ki tambayi ɗakin karatun ma'aikata ko na jami'a mafi kusa ko suna cikin shirin Hinari, wanda ke buɗe mujallun likitanci ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Ita ma bitar ba a haɗiye ta haka nan. Ki duba ranar da suka yi neman ƙarshe, domin bitar da aka buga bara tana iya tsayawa a binciken shekara biyar baya. Ki duba ko sun auna raunin kowane bincike da suka ɗauka, da kuma wanda ya biya kuɗin aikin. Akwai ma'aunin AMSTAR 2 mai tambayoyi 16 idan kina son ki bi daki-daki. Idan kuwa kin yi kwana biyu kina nema ba ki sami bita ko jagora da ta goyi bayan wannan gwaji ba, wannan ma sakamako ne, kuma shi zai zama layin farko na takardarki.

Yanzu sai ki koma kan takardar kamfanin. Ki tsallake gabatarwa da kammalawa, nan ne marubuta ke yabon kansu. Ki je sashen da ya bayyana yadda aka yi binciken, ki nemi amsar abu ɗaya: wa ya raba mutanen gida biyu? Idan ƙuri'a ce ta raba su, wasu a gwada su wasu a bar su, to rukunonin biyu sun yi kama da juna a komai sai dai gwajin, kuma bambancin da aka gani ana iya jingina shi ga gwajin. Idan kuwa mutane ne suka kawo kansu, aka kwatanta su da waɗanda ba su zo ba, akwai matsala babba. Masu zuwa gwaji da ƙafarsu galibi sun fi ilimi da abin hannu, sun fi kusa da asibiti, sun fi shan magani yadda aka ce. Za su fi daɗewa a raye ko da na'urar ba ta aiki. Manyan masana ma sun faɗa wannan rami. An yi shekaru binciken sa ido, wato wanda ba ƙuri'a ce ta raba mutanen ba, yana nuna cewa matan da al'ada ta ɗauke musu, idan suna shan maganin homon, wato na maye gurbin sinadaran jikin mace da suka ragu, ciwon zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu, likitoci suka yi ta rubuta shi. Da aka yi gwajin ƙuri'a a Amurka a kan mata sama da 16,000, sai aka dakatar da shi a 2002, domin masu shan haɗin homon ɗin sun fi samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon dajin mama.

Maganar "sun fi daɗewa a raye" kuwa, a harkar tantancewa ita ce babbar yaudara, kuma sau da yawa marubutan ba da gangan suke yi ba. Ɗauki mata biyu masu ciwo iri ɗaya, dukansu Allah ya yi musu rasuwa suna da shekara 60. Ta farko sai da alamu suka bayyana aka gano ciwonta, tana da 57. Ta biyu na'ura ce ta gano nata tana da 52. A takarda za a rubuta ta farko ta rayu shekara 3 bayan ganowa, ta biyu shekara 8. Idan ma'aunin shi ne kai wa shekara biyar a raye, ta farko ta faɗi, ta biyu ta haye. Alhali ba a ƙara wa ta biyun ko kwana ɗaya ba. An dai fara ƙidayar da wuri, aka ƙara mata shekara biyar na zama da sanin tana da ciwon daji.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar karɓa ga wanda ya yi aikin asibiti. Ba kowane ƙari da na'ura ta gani ba ne zai kashe mai shi. Gwajin da ake yi lokaci-lokaci ya fi kama ƙari mai tafiyar hawainiya, domin shi ne ke daɗewa a jiki ba alamu, mai saurin kuwa yakan ɓullo tsakanin gwaji da gwaji. Wasu daga cikin masu jinkirin, mutum zai tsufa ya mutu da wani dalili ba su taɓa damunsa ba. A Koriya ta Kudu, bayan asibitoci sun fara haɗa hoton sikanin wuya cikin duba lafiya na yau da kullum, yawan ciwon dajin tairod (wata halitta da ke gaban wuya) da ake ganowa a 2011 ya ninka na 1993 sau 15. Yawan masu mutuwa da ciwon bai motsa ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata aka cire musu tairod, suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, wasu kuma muryarsu ta taɓu. Dukansu a takarda sun shiga layin "waɗanda suka rayu". Shi ya sa yawan waɗanda aka gano ba ya zama hujja. Adadin da za ki nema shi ne mutum nawa suka mutu da ciwon cikin duk waɗanda aka gayyata gwaji, har da waɗanda ba su je ba, idan aka kwatanta da duk waɗanda ba a gayyata ba, tsawon shekaru iri ɗaya. In babu wannan a takardar, ba ta amsa tambayarki ba. Za a ce miki a taro rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, amma irin wannan gwaji ba ya hana ciwon zuwa, neman wanda ya riga ya zo yake yi.

Sai maganar "kusan rabi". Duk inda kika ji rabi, ki tambaya rabin nawa. A Oktoban 1995 hukumomi a Birtaniya suka yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ninkin gaskiya ne, amma daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka watsar da maganin don tsoro, aka sami ƙaruwar cikin da ba a shirya masa ba. Haka abin yake ta ɓangaren amfani. A ce cikin mutum 1,000 guda 4 ne ke mutuwa da wannan ciwo a shekara goma. Rabi ya mayar da su 2, wato sai an gwada mutum 500 tsawon shekara goma kafin a ceci rai ɗaya. Idan kuwa 40 ne ke mutuwa, rabi ya zama 20, mutum 50 ke nan a kan kowane rai. Rabin ɗaya ne, shawarar ta sha bamban. Kuma lambar farko, 4 ɗin ko 40 ɗin, daga bayanan jama'arku za ta fito, daga rajistar ciwon daji idan akwai, ko ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa. Kada ki ari ta ƙasar da aka yi binciken.

Kusa da sakamakon za ki ga lambobi biyu a cikin baka, misali sakamakon 0.55, a cikin baka kuma 0.30 zuwa 1.02. Su ne iyakokin da gaskiyar za ta iya faɗawa a ciki. Lamba 1 tana nufin babu bambanci, don haka idan iyakokin sun haɗa da 1, binciken bai kore yiwuwar cewa gwajin ba ya komai ba. Ki kuma ƙirga gawarwakin da aka gina lissafin a kansu. Rabin da ya fito daga mutuwa 9 da mutuwa 5, mutum biyu kacal za su rushe shi.

Takardun kamfani ba su cika kawo lissafin da ke tafe ba, sai ki yi shi da kanki a bayan ambulan. A ce na'urar tana kama 90 cikin 100 na masu ciwon, tana kuma wanke 90 cikin 100 na lafiyayyu. A kunne wannan na'ura ce mai kyau. A ce kuma mutum 1 cikin 100 na waɗanda za a gwada yana da ciwon, wanda ga ciwon daji a cikin lafiyayyun mutane adadi ne mai yawa ma. Aka gwada mutum 10,000. Masu ciwon 100 ne, na'ura ta kama 90, ta sallami 10 da cewa lafiyarsu ƙalau. Lafiyayyu 9,900 ne, ta yi wa 990 ƙararrawar ƙarya. Jimlar waɗanda aka ce wa "an ga wani abu" 1,080 ke nan, kuma 90 ne kawai ke da ciwon, ƙasa da 1 cikin 10. Yanzu ki bi waɗannan 1,080 da idon wadda ta yi aiki a ɗakin marasa lafiya. Wa zai yanki tsokarsu a kai ɗakin gwaji? Likitocin duba tsoka nawa ake da su, kuma sakamako mako nawa yake ɗauka a halin yanzu? Guda 90 ɗin da aka tabbatar, akwai gadon tiyata da magani da na'urar gasa ƙari da za su ɗauke su, ko za su shiga layi ɗaya da waɗanda ciwonsu ya riga ya yi nisa su ƙara masa tsawo? Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idojin tantance jama'a, kuma daga cikinsu akwai cewa dole a sami maganin da aka yarda da shi, da wuraren tabbatar da ciwon da na yin maganin. Shirin da ya gano ciwo ya bar mutum da takarda a hannu ba inda za shi, cutarwa ce zalla.

A nan ne shekarunki na asibiti suka fi digiri amfani, domin ko da bincike ya inganta, sauran tambaya ita ce ko sharuɗɗan da suka sa ya yi aiki a can suna nan a wurinku. Labarin allurar da ake yi wa mai ciki da ake tsoron za ta haifi bakwaini ya isa darasi. Tun gwajin 1972 a Niyuzilan aka san tana taimaka wa huhun jariri ya nuna, kuma bincike da yawa a manyan asibitoci ya tabbatar tana ceton rai. Sai aka gwada faɗaɗa ta zuwa ƙananan cibiyoyi da karkara a ƙasashe shida, Ajantina da Gwatamala da Indiya da Kenya da Pakistan da Zambiya. Sakamakon da aka buga a 2015 ya girgiza kowa: mutuwar jarirai ta ƙaru da kusan 3.5 cikin kowace haihuwa 1,000 a inda aka yi shirin. A wuraren ba a iya tantance watannin ciki daidai, mafi yawan matan da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba, kuma kulawar da jariri bakwaini ke buƙata ba ta wadata ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwaji a asibitoci a Bangaladash da Indiya da Kenya da Najeriya da Pakistan, inda aka tabbatar da watannin ciki da sikanin kuma akwai kulawar jarirai. A 2020 aka ga mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Allurar ba ta canja ba. Don haka ki jera abin da aka tanada a wurin da aka yi binciken na'urar, ma'aikata da horonsu da wutar lantarki da hanyar tura marasa lafiya gaba, ki sa alama a kan wanda kuke da shi da wanda babu.

Kuɗi kuma kada ki tsaya a farashin na'ura. Ki lissafa na shekara biyar: kayan da ake ƙarar da su a kowane gwaji, gyara da saiti, lokacin ma'aikatan da za a janye daga wani aiki, gwajin tabbatarwa na duk wanda ƙararrawa ta kaɗa masa, da maganin waɗanda aka tabbatar. Ki raba jimlar da yawan rayukan da ake sa ran ceta. Sannan ki faɗi abin da za a fasa yi idan kuɗin ya tafi nan, domin kasafin kuɗi ba ya miƙewa don na'ura ta yi kyau.

Wajen faɗin ƙarfin hujja, ki ari tsarin GRADE, wanda Cochrane da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aiki da shi. Mataki huɗu ne: tabbaci mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni, da mai rauni ƙwarai. Gwajin ƙuri'a daga sama yake farawa, binciken sa ido daga mai rauni. Ana sauke mataki idan yadda aka yi binciken yana da aibi, ko sakamakon bincike daban-daban ya saɓa wa juna, ko mutanen da aka gwada ba irin naku ba ne, ko iyakokin nan sun yi faɗi, ko akwai alamar an ɓoye binciken da bai yi daɗi ba. Kalmominki su bi matakin: "yana ragewa", "da alama yana ragewa", "mai yiwuwa ya rage", "babu tabbas ko yana ragewa". Ki kula da bambancin "ba a nuna yana aiki ba" da "an nuna ba ya aiki". Idan kika rubuta na biyun alhali na farkon ne gaskiya, wakilin kamfani zai kama ki a nan, sauran takardar kuma ta zube.

Shawarar ta zama shafi ɗaya, bayanai su bi baya a matsayin rataye. Jimlar farko ta faɗi matsayarki. Sai zaɓi biyu ko uku, kowanne da amfaninsa da cutarwarsa cikin mutum dubu, da kuɗinsa, da ƙarfin hujjarsa. Darakta ko babban sakatare a tsaye zai karanta ta, wataƙila a kan hanyar shiga taro, kuma abin da bai gani a rabin shafin farko ba, ki ɗauka bai gani ba.

Game da cewa an riga an gama shawara a sama, mai yiwuwa haka ne, mai yiwuwa kuma Darakta yana neman abin da zai kare kansa da shi ne ko ta wane ɓangare. Yanke hukunci haƙƙinsu ne, kuma suna duba abubuwan da ba sa cikin mujallar likitanci, kamar alƙawarin da aka yi wa jama'a da yankin da aka daɗe da mantawa da shi. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ke wuyanki shi ne alƙaluman da kika sa wa hannu su zama gaskiya, kada ki tausasa su don su dace da abin da ake so, kada kuma ki kumbura su don ki ci gardama. Ki same shi shi kaɗai kafin taro ki nuna masa lissafin mutum 10,000 ɗin nan, domin shugaban da aka ba mamaki a gaban jama'a kare matsayinsa zai yi ko da ya gane gaskiya. Ki kuma ba shi hanya ta uku wadda ba e ba ce ba a'a ba: a fara da yankuna kaɗan, a ɗaure sauran sayayyar da abin da aka gani. Idan dole sai an kai ko'ina, ai ba rana ɗaya za a kai ba, to ƙuri'a ta zaɓi wanda zai fara da wanda zai biyo baya, yadda za a iya kwatantawa. Haka aka shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B a Gambiya daga 1986, yanki bayan yanki, har ya kai ko'ina. Sai dai ki faɗa masa gaskiya cewa ƙaramin gwaji na shekara ɗaya ba zai nuna raguwar mutuwa ba. Abin da zai nuna shi ne kashi nawa na waɗanda aka gayyata suka zo, nawa ƙararrawa ta kaɗa wa, nawa cikinsu suka kai ga gwajin tabbatarwa cikin wata guda, nawa suka fara magani, da sau nawa na'ura ta tsaya. A rubuta tun yanzu adadin da idan ba a kai shi ba za a dakata. Ki sa kwanan wata a takardarki, ki ajiye kwafi. Idan kamfanin ya gayyace ki taron bita a otal ko ya aiko da kyauta kafin a gama, ki ba da haƙuri.

Ƙaro karatu abu ne mai kyau, kuma zai fi shiga kanki bayan kin yi irin wannan fayil uku ko huɗu. Kafin nan, gajeren kwas na ilimin yaɗuwar cututtuka da na tantance ingancin bincike sun ishe ki, kuma akwai su kyauta a intanet. Ki tambaya ko ƙasarku tana cikin EVIPNet, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2005 don haɗa masu bincike da masu tsara manufofi, domin suna horar da ma'aikatan ma'aikatu rubuta irin takardar da aka sa ki. A cikin mako biyun nan kuwa, ki nemi awa ɗaya a wurin malamin ƙididdiga ko na lafiyar al'umma a jami'a. Kada ki miƙa masa takardar ki ce ya duba miki, zai ajiye ta sai bayan jarrabawa. Ki je da tambayoyi uku a rubuce: shin ƙuri'a ce ta raba mutanen, shin mutuwa cikin duk waɗanda aka gayyata aka ƙirga ko tsawon rai bayan ganowa, kuma shin lissafina na mutum dubu ya yi daidai.